Darasin kwamfuta a kan allo: Ilimin da ba ya raka ɗalibi kasuwa ko ɗakin jarrabawa

Duk wanda ya yi ƙaramar sakandare a Najeriya cikin shekarun nan ya san wannan karatun. Kwamfuta na'ura ce mai aiki da lantarki, wadda ke karɓar bayanai, ta sarrafa su, ta adana, sannan ta fitar da sakamako. Ta kasu gida biyu, hadwaya da softwaya. Ire-irenta huɗu ne, daga sufa-kwamfuta zuwa ƙaramar kwamfuta. Ɗalibi mai ƙoƙari har zai ƙara da sunan Charles Babbage da zamani biyar na tarihin kwamfuta. Ya haddace, ya rubuta a jarrabawa, ya ci.

Wannan ɗalibin ne, bayan shekara biyar ko shida, zai shiga titin Beirut ko Farm Centre a Kano, ko Banex a Abuja, riƙe da kuɗin buhunan masarar da mahaifinsa ya sayar ko adashen da mahaifiyarsa ta kwasa, ya tsaya gaban laftof goma bai san tambayar da zai yi ba. Zai duba wadda ba ta da ƙarce, ya duba ɗan tambarin da aka manna mai ɗauke da "Core i7", ya tambayi "gig nawa ce", ya biya. Bayan wata biyu batir ba ya riƙe minti 40, shafi ɗaya na intanet sai ya yi ta juyi kafin ya buɗe, manhajar da aka ce ya yi aikin makaranta da ita kuma ta ƙi hawa.

Laifin wannan asara ba na ɗan kasuwa ba ne kaɗai. Kaso mai yawa yana wuyan tsarin da ya koyar da yaro darasin kwamfuta tsawon shekaru ba tare da ya taɓa nuna masa cikinta ba. Sanin sassan kwamfuta da manhajojinta da ire-irenta ilimi ne na yanke shawara: me za a saya, me za a gyara, me za a zarga idan abu ya lalace. Muddin ana koyar da shi a matsayin hadda, kuɗin iyaye da na gwamnati za su ci gaba da zurarewa.

Abin da ke cikin akwatin

Abin takaicin shi ne, ilimin da ake buƙata ba shi da yawa, kuma ba shi da wuya. Sassa uku ne ke yanke hukuncin ko kwamfuta za ta yi sauri ko za ta yi nawa, kuma duk wanda ya san Kantin Kwari zai gane su cikin minti biyar.

Furosesa shi ne mai shago, wanda ke lissafi da yanke ciniki. RAM ita ce kantar da ke gabansa, inda yake baza kayan da ake ciniki a kansu a wannan lokacin. Ma'adana kuma, wadda ake kira had-dis, ita ce sito, inda kaya ke kwana. Idan kanta ƙarama ce, komai zafin naman mai shago sai ya riƙa tura yaro sito yana kai wannan yana ɗauko wancan, masu saye suna tsaye suna jira. Idan aka tashi kasuwa, wato aka kashe kwamfuta, ana share kanta tas, abin da ke sito kaɗai ke saura. Shi ya sa aikin da ba a adana ba yake tafiya idan wuta ta ɗauke.

Sito ma iri biyu ne. Tsohon had-dis faifai ne da ke juyawa a ciki, yawanci sau 5,400 a minti a laftof, yana karanta kamar megabait 100 a daƙiƙa. SSD ba ta da abin da ke juyawa, kuma ko mai arahar cikinta tana kai kusan megabait 500 a daƙiƙa. Bambancin kamar yaron shago mai zuwa sito a ƙafa ne da wanda ke zuwa a babur. Don haka laftof mai SSD ta gigabait 256 ta fi mai tsohon had-dis na terabait ɗaya daɗin aiki nesa ba kusa ba, duk da cewa lambar ta biyun ta fi girma a kunne. Wanda bai san wannan ba lamba yake saye.

Haka batun tambarin furosesa. Sunan "Core i5" ko "Core i7" suna ne na dangi, kuma kamfanin Intel ya kwashe fiye da shekara goma yana fitar da sabon zubi a ƙarƙashinsa. Abin dubawa shi ne lambar da ke biye da sunan. A i7-3520M, lamba 3 ta farko na nufin zubi na uku, na shekarar 2012, mai ƙwaƙwalwa biyu. A i5-8250U, lamba 8 na nufin zubi na takwas, na shekarar 2017, mai ƙwaƙwalwa huɗu. Wannan i5 ɗin ya bar wancan i7 ɗin a baya sosai. Amma a kasuwa, wanda ba a koya wa karanta lambar ba zai ƙara kuɗi ya ɗauki tsohon, yana murna ya samu babba.

Duk wannan bayanin bai wuce darasi biyu ba. Bai kai wahalar haddace zamani biyar na tarihin kwamfuta ba, kuma shi ne zai bi ɗalibi har ƙarshen rayuwarsa.

Ranar 14 ga Oktoba da kasuwar tokumbo

Ɓangaren manhaja ya fi ɓoyuwa, don ba a ganinsa da ido, amma a nan ne babbar asara ke jiran masu saye a yanzu. Ranar 14 ga Oktoban 2025 kamfanin Microsoft ya daina bai wa babbar manhajar Windows 10 tallafin da ya saba, bayan shekara goma da fitowarta. Ya buɗe wani shiri na ƙarin wa'adin tsaro ga ɗaiɗaikun mutane, wanda shi ma na ɗan lokaci ne. Kwamfutar ba za ta mutu ba, za ta ci gaba da kunnuwa, sai dai duk wata sabuwar kafa da ɓarayin intanet suka gano a jikinta ba mai toshewa.

Magajiyarta, Windows 11, tana da sharuɗɗa: RAM aƙalla gigabait 4, ma'adana aƙalla gigabait 64, wani ɗan guntun tsaro da ake kira TPM 2.0, sannan furosesa na Intel daga zubi na takwas zuwa sama, in ban da 'yan kaɗan. Ma'anar wannan a kasuwa a fili take. HP EliteBook 840 G3 da Dell Latitude E7470, waɗanda suka cika shaguna kuma ɗalibai ke so saboda ƙarfin jikinsu, zubi na shida ne, ba su cika sharaɗin ba. EliteBook 840 G5 da Latitude 7490 da ThinkPad T480 yawancinsu zubi na takwas ne, sun cika. A ido kusan duk ɗaya suke.

Ba sai an yi duba ba kafin a san inda kwamfutocin da ofisoshin Turai da Amurka suka sallama za su nufa. Wani bincike da Jami'ar Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi tare da abokan aikinta a tashoshin jiragen ruwa na Legas, wanda aka fitar a 2018, ya gano cewa kimanin tan 60,000 na tsofaffin kayan lantarki ke shigowa Najeriya a shekara, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu ba sa aiki tun daga isowarsu. Duk lokacin da aka yi sauyin manhaja irin wannan a can, rumbunan tokumbo a nan ke cika.

Masu gyara sun san hanyar tilasta wa Windows 11 hawa tsohuwar kwamfuta, kuma suna yi. Mai saye zai ga sabuwar fuska ya ɗauka ya sayi sabon zubi, alhali Microsoft bai yi alƙawarin ci gaba da aiko wa irin wannan kwamfutar gyare-gyare ba. Ga kuma tarkon Chromebook, ƙananan laftof masu kyan gani da araha da makarantun Amurka ke sallamawa. Babbar manhajarsu ChromeOS ce, ma'adanarsu sau da yawa gigabait 16 ko 32 ce, kuma ba sa ɗaukar CorelDRAW ko AutoCAD na Windows. Ga yaron da zai yi karatu a intanet sun wadatar. Ga ɗalibar zanen gine-gine kuwa, kuɗi ne aka zubar a rijiya.

Wanda ke ganin batun toshe kafa wasa ne ya tuna watan Mayun 2017, lokacin da cutar kwamfuta mai suna WannaCry ta bazu a ƙasashe kusan 150, ta tsayar da aiki a asibitocin gwamnatin Birtaniya da dama. Microsoft ya fitar da maganin tun watan Maris na shekarar. Waɗanda abin ya shafa su ne waɗanda ba su ɗora shi ba, ko suke amfani da tsohuwar manhajar da aka daina kulawa da ita. Yau da harkar banki da rajistar makaranta da neman aiki duk suka koma intanet, mai shagon buga takardu da ke riƙe da hotunan katin ɗan ƙasa na ɗaruruwan mutane a kan tsohuwar Windows ta sata yana wasa da amanar jama'a ne, ko da bai sani ba.

Wannan ba yana nufin tsohuwar kwamfuta ta zama shara ba. Akwai Linux, wadda Linus Torvalds ya fara a 1991, mai zubi irin su Ubuntu da Linux Mint, kyauta ce, halal ce, kuma tana tafiya lafiya a kan laftof mai shekara goma. Akwai LibreOffice mai yin rubutu da lissafi ba tare da lasisi ba. Wanda ya san wannan zai iya sayen zubi na shida da gangan, a farashin da ya dace da shi, ya more shi shekaru. Matsalar ita ce a saya a makance a farashin sabon zubi. Darasin makaranta ya ce manhaja iri biyu ce, babba da ƙarama, ya tsaya nan. Bai ce babbar manhaja tana da ranar ƙarewa ba, bai ce tana da madadi ba.

Ɗakin jarrabawa

Waje na biyu da wannan giɓin ke bayyana shi ne ranar jarrabawa. Hukumar JAMB ta fara gwada jarrabawa a kwamfuta a 2013, ta koma kanta gaba ɗaya a 2015. Da ta ga yawan ɗaliban da ba su taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba, sai ta tsara yadda za a iya amsa tambayoyi da 'yan maɓallai kaɗan: A zuwa D don zaɓar amsa, N don gaba, P don baya, da sauransu. Dabara ce mai kyau, amma shaida ce a kan makarantu. Yaro ya yi shekara shida a sakandare, ya ci darasin kwamfuta, sai ga shi dole a sauƙaƙa masa na'urar kamar wanda bai taɓa jin sunanta ba.

Hukumar WAEC ta bi sahu a farkon 2024 da jarrabawar masu zaman kansu, kuma a watan Afrilun 2025 Ministan Ilimi, Dakta Tunji Alausa, ya sanar da aniyar mayar da jarrabawar WAEC da NECO kan kwamfuta. Ko an cimma wa'adin da aka sa ko an ɗaga, alƙiblar ba za ta sauya ba. Ɗan ƙauyen da ya fara taɓa kibod a ranar jarrabawa zai yi gasa da ɗan birnin da ya tashi da laftof a ɗakinsa, a kan tambayoyi iri ɗaya, cikin minti iri ɗaya. Duk daƙiƙar da na farkon ya ɓata yana neman harafi, maki ne ke tafiya.

Abin da ya faru a 2025 ya ƙara nuna amfanin fahimtar tsarin. Ranar 14 ga Mayu, Magatakardan JAMB, Farfesa Ishaq Oloyede, ya fito ya nemi afuwa, ya amince cewa an samu kuskure a sakamakon ɗalibai 379,997 a cibiyoyi 157 na Legas da jihohin Kudu maso Gabas, aka kuma sake musu jarrabawa. Kwamfutocin da yaran suka zauna a gabansu lafiyarsu ƙalau. Matsalar daga gyaran manhaja ne da ba a ɗora shi daidai ba a kan wasu manyan kwamfutocin da ke karɓar amsoshi, waɗanda ake kira saba ko uwar garke. Uban da bai san akwai wata kwamfuta a bayan wadda ɗansa ya taɓa ba, abu biyu kawai zai iya yi: ya zargi ɗan da rashin karatu, ko ya ce "kwamfuta ba ta kuskure". Al'ummar da ta san bambancin na'ura da manhaja da uwar garke ita ce ke iya yi wa hukuma tambayar da za ta tilasta mata bincike.

Ire-iren kwamfuta na littafi da na titi

Jerin da ke cikin littattafan makaranta ya tsufa. Sufa-kwamfuta tana nan, ana hasashen yanayi da binciken kimiyya da ita, kuma tun 2017 dukkan 500 mafiya ƙarfi a duniya Linux suke amfani da ita. Menfirem ma tana nan a manyan bankuna da kamfanonin jiragen sama. Amma mini-kwamfuta, wadda har yanzu ake sa yara su kawo siffofinta, ta daɗe da barin kasuwa. Kamfanin DEC da ya yi suna da ita an sayar da shi tun 1998, kafin a haifi ɗaliban da ke haddace ta.

Abin da jerin ya tsallake shi ne abin da yaro ke gani kullum. Wayar da ke aljihun yayansa cikakkiyar kwamfuta ce mai furosesa da RAM da ma'adana da babbar manhaja, kuma Android ɗin da ke kanta a kan Linux aka gina ta. Na'urar POS ta bakin layi kwamfuta ce. Haka ATM, haka mitar wuta mai kati, haka akwatin da makanikai ke kira burenbos a cikin mota. Abin da ake kira girgije kuma, inda hotuna da saƙonni ke kwana, kwamfutocin wasu ne jere a manyan ɗakuna masu sanyi. Idan mai POS ya ce "babu netwok", yaron da aka koya wa tsarin zai gane cewa akwai na'ura, akwai layin sadarwa, akwai uwar garken banki, kuma kowanne na iya zama sanadi.

Ko rubutun Hausa darasi ne a kansa. Da wuya a samu kibod a kasuwa mai maɓallin ƙ ko ɗ ko ɓ, amma ana rubuta su a waya da kwamfuta, saboda maɓalli lamba kawai yake aikawa, manhaja ce ke yanke harafin da zai fito. Malamin da ya sauya tsarin kibod a gaban aji, yara suka ga maɓalli ɗaya ya fitar da harafi daban, ya gama bayanin bambancin na'ura da manhaja fiye da shafi uku na rubutu a allo.

Uzurorin da ake kawowa

Akwai masu cewa direba ba ya buƙatar sanin inji, haka mai amfani da kwamfuta. Amma babu direban kirki a tasha da bai san bambancin matsalar batir da ta filogi ba, kuma babu mai hankalin da zai sayi motar tokumbo bai buɗe bonet ba. Ba a ce kowane ɗalibi ya zama injiniya ba. Ana so ne ya san abin da zai hana a sayar masa da kifi a ruwa.

Uzuri mafi nauyi shi ne na rashin kaya da rashin wuta, kuma gaskiya ne. Makarantu da yawa ba su da kujeru, balle ɗakin kwamfuta. A watan Fabrairun 2018 hotunan wani malami a Ghana, Richard Appiah Akoto, sun karaɗe duniya yana zana fuskar Microsoft Word da alli mai launi a kan allo, saboda makarantarsa ba ta da kwamfuta, ga shi kuma ɗalibansa za su rubuta jarrabawa a kan darasin. Duniya ta yaba masa, kuma ya cancanci yabo. Amma hoton tuhuma ce ga hukumomin da suka sa darasi a manhajar karatu ba su sa kayan aikinsa a kasafi ba. Najeriya ta fitar da manufar koyar da kwamfuta a makarantu tun 1988. Shekara fiye da 35 ta isa a ce an wuce matakin alli.

Sai dai zuba kwamfutoci kaɗai ma ba magani ba ne. Shirin nan na bai wa kowane yaro laftof, wanda aka gwada a wata firamare da ke Galadima kusa da Abuja a 2007, ya fi samun karɓuwa a ƙasar Peru, inda gwamnati ta sayi ɗaruruwan dubbai. Binciken da Bankin Raya Ƙasashen Amurka ya fitar a 2012 bai ga wani ci gaba a makin lissafi da harshe ba. Na'ura ba tare da malamin da ya san ta ba, ba tare da wuta da mai gyara ba, kaya ne kawai. Kowa ya san irin ɗakunan kwamfutar da ake buɗewa da almakashi da kyamara, a kulle su da kwaɗo bayan baƙi sun tafi, ƙurar hunturu ta gama da su kafin wani yaro ya taɓa.

A nan ma jahilcin sassan kwamfuta ne ke cin kuɗi, wannan karon na gwamnati. Jami'in da ke sa hannu a takardar da ta ce "kwamfuta 100, Core i5" ba tare da zubi ko girman RAM ko irin ma'adana ba, ya bai wa ɗan kwangila damar kawo duk abin da ya ga dama. Wanda ya sayo manyan kwamfutocin tebur ga makarantar da ba ta da layin wuta, alhali laftof mai caja ta wat 45 zuwa 65 za ta rayu da ƙaramar sola, ya sayo kayan ado ne. Yaron da aka koya wa hadda jiya shi ne darakta yau.

Abin da za a iya yi ba tare da jiran biliyoyi ba

Darasin sassan kwamfuta ba ya buƙatar kwamfuta mai rai. Ma'aikatu da sakatariyoyin ƙananan hukumomi da bankuna cike suke da matattun kwamfutoci a sito. Guda biyu da sukudireba sun ishi aji. A buɗe, yara su zare RAM su mayar, su riƙe had-dis a hannu, su ga fankar da ƙura ke toshewa har na'ura ta riƙa zafi tana mutuwa a watan Afrilu. Wannan ba ya cin wuta ko ta sisi. Hukumomin ilimin bai-ɗaya na jihohi za su iya tsara tattara irin waɗannan kaya da takarda ɗaya, bayan an goge bayanan da ke cikinsu.

Malamai ma suna nan, sai dai ba a aji suke ba. Matasan da ke gyaran waya da laftof a kasuwannin Kano da Kaduna da Sakkwato da Maiduguri, da yawansu ba su da takardar difloma, amma suna sauya sikirin da ido rufe, suna gane matsalar na'ura daga ƙarar fankarta. Sun koya ne da hannu, a gaban maigida, kuma da Hausa. Wannan kaɗai ya isa hujja cewa wahalar ba a ilimin take ba, a hanyar koyarwar take. Makarantar da ta gayyaci ɗaya daga cikinsu sau biyu a zango, ta biya shi ɗan abin da ya samu, ta fi wadda ta sayi sabon littafi riba. Bayani da harshen da yaro ke tunani da shi ba zai hana shi riƙe kalmar Turanci don jarrabawa ba.

Hukumar NERDC mai tsara manhajar karatu da hukumomin jarrabawa su ma suna da rawar takawa, domin malami abin da za a tambaya yake koyarwa. Idan tambaya ta tashi daga "kawo siffofin mini-kwamfuta" ta koma "ga bayanan laftof biyu da farashinsu, wacce ta dace da mai aikin zane, kuma me ya sa", koyarwa za ta sauya cikin shekara ɗaya. Inda kuma akwai kwamfuta ko guda biyar, a ba da maki a kan abin da yaro ya yi da hannunsa: ya kunna, ya buga sakin layi, ya adana, ya nemo fayil ɗin.

Ga gwamnatoci, duk kwangilar sayen kwamfuta ta fito da cikakken bayani a fili, da zubin furosesa da girman RAM da irin ma'adana da lasisin manhaja, tare da tanadin wuta da na gyara na aƙalla shekara uku. Ga ƙungiyoyin 'yan kasuwa, su wajabta rasit mai ɗauke da waɗannan bayanai da lafiyar batir da kwanakin garanti. Dokar kare haƙƙin mai saye ta 2018 ta riga ta bai wa mai saye haƙƙin samun sahihin bayani a kan abin da yake saye. Ɗan kasuwa mai gaskiya, kuma su ne da yawa, ba abin da zai rasa. Rasit irin wannan zai raba shi da masu ɓata wa kasuwa suna.

Kafin duk wannan ya tabbata, mai shirin sayen laftof a wannan zangon yana da abin yi a cikin shagon. Danna Ctrl da Shift da Esc tare yana buɗe shafin da ke nuna cikakken sunan furosesa da girman RAM da irin ma'adana, daga bakin na'urar kanta. Umarnin powercfg /batteryreport yana fitar da rahoton da ke kwatanta ƙarfin batir na asali da abin da ya rage. A cire caja a bar ta tana aiki na ɗan lokaci, a gwada kowane maɓalli da kowace kafa da kyamara. Ga ɗalibin jami'a ko kwalejin fasaha, zubi na takwas zuwa sama da RAM gigabait 8 da SSD shi ne ma'auni mai hankali. Idan kuɗi bai kai ba, a sayi tsohon zubin da sani, a rage farashi, a ɗora masa Linux. Mai shagon da ya hana a yi wannan binciken na minti goma, a bar masa kayansa a shiga shago na gaba.